Karatun Digiri Na Biyu Da Aikin Laburare Na 'Yan Sa'o'i: Lissafin Riba Da Hasara Daga Lambata

LAMBATA, Jihar Neja — Tsadar rayuwa da ta ƙara tsananta a ƙasar nan tun daga shekarar 2023 ta jefa masu karatun digiri na biyu da na digirgir cikin tsaka mai wuya, musamman waɗanda suka kammala darussan aji, ya rage musu rubuta kundin bincike. A wannan gaɓa ce aljihu yake yin ƙasa, alhali kuwa kashe kuɗi yana ƙaruwa, kuma a nan ne tayin aikin 'yan sa'o'i a ɗakin karatu, wato laburare, yake zuwa wa ɗalibi kamar ruwa a lokacin ƙishi.

Sai dai karɓar irin wannan aiki shawara ce ta tattalin arziki, wadda take da riba da kuma hasara. Garin Lambata, da ke Ƙaramar Hukumar Gurara a masarautar Suleja, wuri ne da ya dace a auna wannan lissafi, domin yana kan mararrabar hanyoyin da suka nufi manyan makarantu uku, amma babu ko ɗayansu a cikinsa.

Mararrabar hanyoyi uku

Lambata tana kan babbar hanyar Suleja zuwa Minna, kuma daga nan ne hanyar Lapai da Agaie da Bida ta rabu. Wanda ya bi hanyar Minna zai isa Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, mai harabobi a Bosso da Gidan Kwano. Wanda ya bi hanyar Bida zai tarar da Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai, mallakar gwamnatin jiha, wadda aka kafa a 2005. Wanda kuma ya juya ta ɓangaren Suleja zai iya kaiwa ga Jami'ar Abuja da ke yankin Gwagwalada, wadda aka kafa a 1988, gwamnatin tarayya kuma ta sanar da sauya mata suna zuwa Jami'ar Yakubu Gowon a watan Disamban 2024.

Dukan jami'o'in uku suna da makarantun karatun gaba da digiri, kuma kowacce tana da babban ɗakin karatu. Ban da su, akwai Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Neja da ke Minna, da Ɗakin Karatu na Ƙasa mai hedkwata a Abuja, da ɗakunan karatu na kwalejoji da makarantu masu zaman kansu da ke Suleja da kewayenta.

Ma'anar wannan ita ce, mutumin da iyalinsa ko gonarsa ko aikinsa yake Lambata, kusan duk aikin laburaren da zai samu sai ya hau mota kafin ya isa gare shi. Saboda haka kuɗin mota da sa'o'in da hanya take ci su ne farkon abin da yake shiga lissafi, tun kafin a zo maganar albashi.

Abin da ya matse ɗalibai

A ranar 29 ga watan Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur. Lita ɗaya da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 a farashin hukuma ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya zuwa watan Oktoban 2024 kuwa ta zarce Naira 1,000 a Abuja. Kuɗin motocin haya ya bi sahu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a watan Disamban 2024, kafin a sauya ma'aunin lissafin a farkon 2025. Haka kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na intanet da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba.

Duk waɗannan sun faɗa ne kai tsaye a kan mai rubuta kundi, domin aikinsa ya rataya a kan zirga-zirga zuwa wurin malamin da ke duba masa aiki, da neman mujallun ilimi ta intanet, da buga takardu, da tafiya tattara bayanai.

Hanyoyin samun tallafi kuma ba su da yawa. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya buɗe rajista a watan Mayun 2024, ya fara ne da masu karatun matakin farko a manyan makarantun gwamnati. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun harajin ilimi na 1993, yana ɗaukar nauyin karatun digiri na biyu da na uku, amma ga ma'aikatan koyarwa na makarantun da ke cin gajiyarsa. Wanda ba ma'aikacin irin waɗannan makarantu ba ne, galibi da aljihunsa ko na danginsa yake karatu.

Wane irin aiki ne

Aikin laburare hawa-hawa ne, kuma ya kamata mai nema ya san matakin da ake kiransa a kai. A sama akwai ƙwararrun ma'aikata masu digiri a fannin ilimin laburare. Doka mai lamba 12 ta 1995 ce ta kafa Majalisar Rajistar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya, wadda take da alhakin tantance wanda ya cancanci ya yi aiki da wannan suna. Fannin yana da tsohon tarihi a Arewa, domin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashensa tun 1968, Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya kuwa an kafa ta a 1962. A jami'o'i, ana lissafa ƙwararrun ma'aikatan laburare cikin sahun malamai, shugabansu kuma yana cikin manyan jami'an gudanarwa.

A ƙasa da su akwai jami'ai masu difloma, sai kuma mataimaka. Ɗalibin da bai karanci fannin ba, ko da yana dab da samun digiri na biyu a aikin gona ko tattalin arziki, a sahun mataimaka yake shiga. Aikinsa ya haɗa da mayar da littattafai kan kanta bisa lambobinsu, da zama a teburin ba da aro, da karɓar jakunkuna a bakin ƙofa, da kula da ɗakin kwamfutoci, da shigar da bayanan littattafai cikin na'ura. Galibin jami'o'in ƙasar nan suna jera littattafai ne bisa tsarin Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, ɗakunan karatu na jama'a da na makarantu kuma sun fi amfani da tsarin Dewey, wanda aka fito da shi a 1876. Wasu ɗakunan sun koma amfani da manhajar Koha wajen rajistar littattafai da masu aro.

Akwai wani zato da ya yaɗu cewa ma'aikacin laburare zama kawai yake yi, yana karatunsa ana biyansa. Gaskiyar lamarin ita ce, abin ya danganta da teburin da aka ajiye mutum da kuma lokacin shekara. A makonnin jarrabawa, mai zama a teburin aro ko bakin ƙofa da wuya ya karanta shafi guda ba a katse shi ba. A lokacin hutu kuma ake yin ƙidayar littattafai da sake jera kanta, aikin da yake cin ƙarfi da lokaci.

Abin da doka ta ce

A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000 a wata, gwamnatin Jihar Neja kuma ta sanar da Naira 80,000 ga ma'aikatanta a watan Oktoban wannan shekarar. Sai dai dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta keɓe wasu rukunai da ba ta shafa ba, ciki har da masu aikin 'yan sa'o'i da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Saboda haka ɗalibin da aka ɗauka aikin kwana uku a mako ba shi da hujjar doka ta neman wancan adadi. Abin da aka yi yarjejeniya a kai shi ne haƙƙinsa.

Wannan ne ya sa takardar ɗaukar aiki take da muhimmanci. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi rubutacciyar takarda mai bayyana sharuɗɗan aiki kafin cikar wata uku da fara aikin. Ya kamata takardar ta fayyace sa'o'in aiki, da adadin kuɗi da ranar biya, da wa'adin sanarwa kafin barin aiki. Idan babu ita, sa'o'i 15 da aka ambata da baki suna iya zama 30 ba tare da an ƙara ko kwabo ba.

Ga ma'aikatan gwamnati da ke karatu da izinin ofisoshinsu, kamar malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi, akwai ƙarin shinge. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999 sun hana jami'in gwamnati karɓar albashin muƙamai biyu na gwamnati a lokaci guda. Wanda ke kan hutun karatu da albashi, ya kuma karɓi aikin da ake biya a laburaren gwamnati, yana iya jefa aikinsa na asali cikin haɗari saboda ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ta fuskar haraji kuwa, sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025 ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, daga watan Janairun 2026. Galibin masu ƙaramin aiki irin wannan ba za su kai wannan adadi ba.

Yadda lissafin yake

Alal misali, a ɗauka an yi wa ɗalibi mazaunin Lambata tayin Naira 40,000 a wata, domin aikin sa'o'i biyar a rana, kwana uku a mako, wato kwana 12 a wata. A ɗauka kuma kuɗin mota zuwa da dawowa Naira 2,000 ne a rana, abincin rana Naira 500. Mota za ta ci Naira 24,000, abinci Naira 6,000, ya rage masa Naira 10,000. Idan hanya tana cin sa'o'i biyu a kowace rana, to ya ba da sa'o'i 84 ke nan a wata, kowace sa'a ta tashi a kan kusan Naira 119.

Abokin karatunsa da ke zaune kusa da laburaren, wanda zai taka da ƙafa, zai tsira da Naira 34,000 a kan sa'o'i 60, wato kimanin Naira 567 a kowace sa'a. Aiki ɗaya ne, albashi ɗaya, amma ribar ɗaya ta kusa ninka ta ɗayan sau biyar. Waɗannan alƙaluma na misali ne kawai, kowa zai sanya nasa, amma tsarin lissafin ba ya sauyawa.

Lissafin yana juyawa idan laburaren yana cikin jami'ar da ɗalibin yake karatu. A wannan hali, da ma sai ya biya kuɗin mota domin ganin malaminsa ko shiga ɗakin gwaje-gwaje, don haka tafiya ɗaya ce take biyan buƙata biyu. Idan aka daidaita ranakun aiki da ranakun da ya saba zuwa makaranta, aikin ne yake ɗauke masa nauyin kuɗin motar da a da yake fitarwa daga aljihunsa.

Ribar da ba ta cikin albashi

Akwai amfanin da ba ya fitowa a takardar biyan albashi. Na farko shi ne wutar lantarki da intanet. Duk da cewa Jihar Neja ce take ɗauke da madatsun ruwa na Kainji da Shiroro da Zungeru, ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne a garuruwanta, kuma mai rubuta kundi da kwamfuta ya san abin da cajin na'ura da sayen man janareta suke ci. Laburaren da ke da tsayayyar wuta yana rage wannan nauyi.

Na biyu shi ne sanin hanyar samun mujallun ilimi. Akwai shirye-shiryen ƙasa da ƙasa da ke ba cibiyoyin ƙasashe masu tasowa damar karanta mujallu kyauta ko da rangwame, kamar HINARI na fannin lafiya, wanda aka fara a 2002, da AGORA na fannin aikin gona, wanda aka fara a 2003. Ta hannun ɗakunan karatu ake shiga waɗannan rumbuna. Wanda ya yi wata uku yana taimaka wa wasu wajen bincike yakan ƙware a gano abin da yake nema cikin ɗan lokaci, wannan kuwa yana gajarta aikin babin bitar ayyukan magabata, wanda yakan riƙe ɗalibai watanni.

Na uku shi ne shaidar aiki. Ga mai karatun ilimin laburare, kamar waɗanda ke wannan sashe a Minna ko Zariya, aikin wani ɓangare ne na sana'ar da zai rayu a kanta, kuma takardar shaidar da shugaban laburare zai rubuta masa tana da nauyi a ranar neman aiki. Ga mai karatun wani fannin daban, amfanin shaidar ya ragu, ko da yake sanin manya a jami'a yana iya buɗe masa ƙofa idan gurbi ya samu. Amma babu wata doka da ta ce aikin wucin gadi yana rikiɗa ya zama na dindindin, kuma kuskure ne a gina shawara a kan alkawarin baki.

Hasarar da ba a gani

Babbar hasarar ita ce jinkiri. A galibin jami'o'i, digiri na biyu na cikakken lokaci yana ɗaukar zango uku zuwa huɗu, na digirgir kuma aƙalla shekara uku, kowannensu da iyakar wa'adin da ba a ƙetarewa sai da izini. Duk shekarar karatun da ɗalibi ya ƙara, sai ya sake biyan kuɗin rajista.

A koma ga misalin da ya gabata. Ɗalibin da ke tsira da Naira 10,000 a wata zai tara Naira 120,000 a shekara. Idan aikin ya sa ya ƙara shekara guda, kuɗin rajista kuma ya kai Naira 150,000, to ya yi aikin shekara ya fita da giɓin Naira 30,000. Ba a ma lissafa albashi ko ƙarin girman da zai samu da ya kammala a kan lokaci ba. A nan ne karin maganar da ke cewa taura biyu ba ta taunuwa yake tabbata.

Akwai kuma jinkirin da ba daga ɗalibi yake ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya ɗauki wata tara a 2020, sannan wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A irin wannan lokaci, wanda ke aiki a laburaren da ba na jami'a ba yana ci gaba da samun ɗan abin masarufi, wanda kuma aikinsa yake cikin jami'ar da aka rufe yana iya rasa karatun da albashin gaba ɗaya.

Yadda wasu ƙasashe suka tsara

A ƙasashen da aikin ɗalibai ya kafu, an yi masa iyaka. Amurka ta kafa shirin aiki da karatu na tarayya a 1964, kuma ɗakunan karatu na jami'o'i suna cikin wuraren da suka fi ɗaukar ɗalibai a ƙarƙashinsa. Ɗaliban ƙasashen waje a can ba a yarje musu su wuce sa'o'i 20 na aiki a mako ba a lokacin zangon karatu, haka ma a Ingila ga masu karatun digiri. Wannan adadi, wanda yake rabin makon aiki na sa'o'i 40, ma'auni ne da ɗalibin Nijeriya zai iya aro, da sharaɗin ya haɗa da sa'o'in hanya. A misalin Lambata, sa'o'i 15 na aiki da shida na tafiya sun kai 21 a mako, wato sun riga sun ƙetare iyakar.

Lokacin karɓa da lokacin haƙura

Idan aka tattara duk waɗannan, aikin ya fi dacewa da wanda laburaren yake cikin makarantarsa ko kusa da masaukinsa, wanda bincikensa na karance-karance ne, wanda kuma aka ba shi sharuɗɗa a rubuce tare da damar rage sa'o'i idan lokacin kare kundi ya matso. Ya fi dacewa kuma da mai karatun ilimin laburare, da wanda rashin kuɗi zai tilasta masa ajiye karatun gaba ɗaya, domin da babu gara ba daɗi.

Bai dace ba ga wanda ya rage masa wata uku ko huɗu ya miƙa kundi, ko wanda bincikensa yake buƙatar zama a ɗakin gwaji ko a gona a lokacin da damina ba ta jira, ko wanda wa'adinsa na ƙarshe ya gabato. Bai dace ba kuma ga ma'aikacin gwamnati da bai sami rubutaccen izini daga ofishinsa ba.

Akwai matakai uku da ke rage haɗari kafin a amsa tayin. Na farko, ɗalibi ya sanar da malamin da ke duba masa aiki, ya kuma duba ƙa'idojin makarantarsa, domin wasu jami'o'in suna bambanta rajistar cikakken lokaci da ta masu aiki. Na biyu, ya kwatanta tayin da sauran hanyoyin samu da ke kusa da gida, kamar koyarwa a makarantu masu zaman kansu, ko darasin gida, ko ɗan kasuwancin doya da hatsi a kasuwar Lambata, waɗanda ba sa cin kuɗin mota. Na uku, ya nemi a fara da gwajin zango ɗaya, ya kuma ajiye wa kansa ma'auni, kamar kammala babi guda a cikin wannan lokaci. Idan zangon ya ƙare babin bai kammalu ba, alama ce cewa aikin ya fara cin karatun.

Ga hukumomin jami'o'i da na ɗakunan karatu kuwa, batun ya wuce aljihun ɗalibi ɗaya. Ɗakunan karatu suna buƙatar hannaye domin buɗewa da yamma da ƙarshen mako, ɗaliban gaba da digiri kuma suna buƙatar kuɗi da wurin zama mai wuta. Tsari mai ƙayyadaddun sa'o'i, da biya a kan lokaci, da sassauci a makonnin jarrabawa, zai biya buƙatar ɓangarorin biyu. Kafin a samu hakan a ko'ina, nauyin lissafin yana kan ɗalibin da ke tsaye a mararrabar Lambata yana jiran motar Minna ko ta Lapai.